Abin da aka tattauna kan ɗaukar hoton shaho yana farauta

To jama'a ga abin da na tattara:

1. Kusan kowa ya yarda a saka shata (saurin buɗewa da rufewar idon kyamara) a 1/2000 na daƙiƙa ko mafi sauri, in ba haka ba fiffike zai fito dishi-dishi.
2. Wuri: wajen mayanka don shirwa, dam ɗin Samaru da duwatsun Kufena a Zariya don shaho, da sassafe ko bayan la'asar, rana a bayanka.
3. Lens (gilashin kyamara mai jawo nesa kusa) 400mm ya isa in ji mafi yawan mutane, wasu sun ce 300 ma yana yi in ka iya haƙuri.
4. Nan aka rabu: wasu na jefa ɗan tsako don jawo shirwa, da yawa suka ce haram zalunci ne, ni ma ina tare da su gaskiya.

Lokacin hunturu ƙura na cinye kala, kuma ku lulluɓe kyamara kada ƙurar ta shige ta.