Takardar da Auta ta manna a madubi

Goggo (Garwa): Salamu alaikum 'yan gida. Bayan asuba na leƙa ɗakin Auta, na same ta gaban madubi tana ta cewa "ni mai daraja ce, bana zan ci bak", wato jarrabawar gama sakandare. Har takarda ta manna. Wai in mutum ya dage da faɗin haka, rayuwarsa sai ta canza. Lafiya kuwa?

Auta: Haba Goggo, sai da kika kai ni gaban kowa! Sau biyu ina faɗuwa bak. Wata da watanni ina ce wa kaina daƙiƙiya, ba wanda ya tambayi lafiyata. Yau na faɗi alheri, shi ne ya zama ciwo?

Baffa (Kusiri): Yabon kai jahilci, 'yata. Allah ya ce kada ku tsarkake kanku, Suratun Najmi, aya ta 32. Ki yi addu'a, ki buɗe littafi.

Hamma (Marwa): Allah ya ƙara girma Baffa, amma ayar tana magana ne kan mai bugun ƙirji da taƙawarsa. A Bukhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya ce "raina ya munana", ya koyar da lafazin da ya fi sauƙi. Kuma yana son kyakkyawan fata, ya fassara shi da kalma mai daɗi. Ashe abin da baki ke faɗa wa mai shi ba wasa ba ne.

Adda (Ngaundere): Ni ban ce haram ba, tambayata ita ce yana aiki? Abin nan tsoho ne. Émile Coué, mai sayar da magani a Faransa, wanda ya rasu a 1926, shi ya riƙa sa mutane su ce "kowace rana, ta kowace fuska, ina ƙara samun sauƙi", sau 20 safe da dare, suna ƙirgawa da igiya mai ƙulli (Baffa zai ce an kwaikwayi carbi). Yau kuwa in ɗan siyasa yana yaudarar kansa, masu Faransanci sai su ce yana bin hanyar Coué. A 2009 kuma Joanne Wood ta Jami'ar Waterloo a Kanada ta sa ɗalibai suna maimaita cewa su abin so ne. Masu ganin ƙimar kansu sun ɗan ji daɗi. Waɗanda suka raina kansu, wato waɗanda aka yi maganin dominsu, ransu ƙara ɓaci ya yi. Baki ya ce ni gwana ce, zuciya ta ɗauko sakamakon bara ta ajiye a gabanki.

Auta: Adda, wallahi kin taɓo wurin. Wata rana in na gama sai in ji kamar ƙarya na yi.

Hamma: Ɗaliban Kanada daban, Auta daban. Ni dai na ga bara ko waya ba ta ɗauka, yanzu ga ta tana gardama da Baffa.

Baffa: Wannan kuma ci gaba ne ko rashin kunya?

Adda: Duka biyun, Baffa. Auta, ban ce ki daina ba, ki canza abin da kike faɗa. Wanda masana suka fi samun shaida a kansa ba yabo ba ne. A binciken Geoffrey Cohen na 2006 a Amurka, 'yan makaranta sun zauna sun rubuta abin da ya fi muhimmanci a wurinsu da dalilinsa, kuma makin yara baƙaƙen fata da suka yi hakan ya ɗaga. "Zan ci bak" ba a hannunki yake ba. Amma "ni ce na yi jinyar Inna ban gajiya ba, lissafi ne ya kayar da ni, yau zan yi masa awa biyu", wannan zuciyarki ba ta da bakin musa shi.

Baffa: To in haka ne, ai muhasaba ce, malamanmu sun daɗe da ita. A ƙara in sha Allahu.

Hamma: Ni har yanzu ina nan kan bakana. A bar ta ta ce tana da daraja, wannan ba sai an ci jarrabawa ba.

Auta: Zan bar layin farko saboda Hamma, in goge na biyu saboda Adda. Amma wa zai koya min lissafin?

Goggo: Ku dai gama. Ni a cire min salatif daga madubin nan, na aurena ne.