Musayar Waƙa: Daga Naibasha Zuwa Bogoriya

Ɗanlami:

Sallama gare ku ma'abota baiti,
Ga tambaya nan ina ajewa.
Mai niyyar zaga tafkunan Kenya,
Ya ga namun dawa suna walawa,
Naibasha, Nakuru da Bogoriya,
Wanne ya kamata a fara zuwa?
Wane wata ne hanya ke da kyau,
Me ke sa tafiyar lalacewa?

Malam Isyaku:

Wa alaikas salamu, ƙanena,
Naibasha ita ce ta farawa.
Kilomita 90 take daga Nairobi,
Ka bi gangaren kwari kana saukowa.
Ruwanta na daɗi ne, babu kanwa,
Shi ya sa dorina ke taruwa.
Tudu ne da ya haura mita 1,800,
Sanyin asubansa yana ratsawa.
Kwalekwale da hantsi ake hawa,
Kafin azahar ana fitowa,
Don iska takan taso da yamma,
Igiyar ruwa ta yi ta bugawa.
Kainuwa kan naɗe farfelar inji,
Ya shaƙe, ya mutu, ba motsawa,
Iska ta tura ku garken dorina,
A nan ne ciki ke ɗurar ruwa.
Kafin ka biya, ka nemi filafili,
Da rigar ceto ta kowa da kowa.

Hajiya Rabi:

Malam, ka taɓo batun dorina,
Amma ba ka kai shi ƙarshe ba.
Amsa-amonku ya yi mini tsauri,
Ban ce zan bi ku a kansa ba.
Wuni take a ruwa saboda fatarta,
Ba za ta jure wa rana ba.
Da magariba take hawa tudu kiwo,
Kilo 40 na ciyawa bai mata yawa ba.
Turbar da ta bi ta nan take komawa,
Sawu ne da ba zai ɓoyu ba.
Wanda ya tsaya tsakaninta da ruwa,
Bai san abin da ya taka ba.
In ta wage baki kamar mai hamma,
Gargaɗi ne, ba barci ba.
Takan nutse har minti 5,
Ka ga ruwa lum, ba ta tafi ba.
Mai ɗa a gefe ita ta fi sharri,
A ba ta fili, ba a matsa ba.

Ɗanlami:

Na gode Hajiya, Allah ya saka.
Nakuru fa? Hotonta na burgewa:
Tsuntsayen filamingo sun rufe bakin tafki,
Ja-ja har inda ido ke kaiwa.

Garba:

Yaya Ɗanlami, tsohon hoto ne,
Kar ya sa ka saurin ruɗewa.
Ruwan Nakuru mai kanwa ne,
Gansakuka a cikinsa ke tsirowa,
Ita ce cimar ƙaramar filamingo,
Daga nan jan gashinta ke samuwa.
Tun wajen 2013 tafkin ya batse,
Har tsohuwar ƙofa ta kai ga nutsewa.
Ruwa ya yi yawa, kanwa ta tsinke,
Cima ta ja baya, sai ƙaurawa.
Ka je Nakuru don karkanda,
Iri 2 ne, ga yadda ake rabewa:
Kar ka bi launi, duk toka-toka ne,
Leɓe shi ne abin dubawa.
Fara mai faɗin baki, kai a ƙasa,
A fili take tana cin ciyawa.
Baƙa leɓenta da tsini, ganye take ci,
A sarƙaƙiya take ɓuya, sai dacewa.
Raƙumin dawa mai farar safa na nan,
Da ɓauna, amma babu giwa.
A dutsen birai ka ɗage gilashi,
Gogo ya san leda da kwanon tuwo,
Kai, na karya amo, ku yi haƙuri,
Nufina abinci yake fizgewa.

Malam Isyaku:

Garba, an yafe, gogo ya ja maka.
Ga Bogoriya can ta arewa.
Nan filamingo suka fi yin dandazo,
Kai a kife suke tace ruwa.
Sa kaya masu duhu, ka taka a sannu,
In ɗaya ta firgita duk sai tashiwa.
Ba a nan suke ƙyanƙyasa ba galibi,
Tafkin Natron na Tanzaniya suke zuwa.
Maɓuɓɓugar bakin tafki tafasa take,
Ƙwai ma a ciki ana dafawa,
Ƙasar gefenta ɓawo ne kawai,
Kan rufta, ƙafa ta sha ƙonewa.
Zafi gare ta, ba kamar Naibasha ba,
Lita 3 ta ruwan sha kar ka gaza riƙewa.
Batun wata: Maris zuwa Mayu damina ce,
Baƙar laka motoci take kamawa.
Yuni zuwa Oktoba hanya ta bushe,
Janairu da Fabrairu ma ana morewa.

Hajiya Rabi:

Malam, ka bar shi da rabin guzuri,
Ba ka faɗa masa takardu ba.
Katin rigakafin shawara ya riƙe shi,
Filin jirgi ba gidan lallashi ba.
Gudun mota a gandu kilomita 40 a awa ne,
Ba a yarda a sauka ko'ina ba.
Nakuru ta hukumar ƙasa ce,
Bogoriya ba a hannunta take ba,
Ƙaramar gwamnatin Baringo ke karɓa,
Tikitin can ba zai shigar da shi nan ba.