Labarin mutum a kulle cikin ɗaki: namu ne ko tsoron Turawa ne?

Auta (Aboabo): Salamu alaikum jama'a. Ina nan a kan bakana: littafin da ya fi tayar da hankali ba na aljani ko fatalwa ba ne. Wanda marubuci zai zuba mutum biyu a ɗaki ɗaya ya garƙame ƙofa, shi ne. Babu jini, babu guje-guje, daga kai sai wanda ba ka san abin da ke ransa ba. Kuma mu 'yan Zangon Kumasi mun fi kowa gane irin wannan labari, don a matse muka taso.

Yayan Asawase: Auta, farkon maganarka na yarda, ƙarshenta ne ban saya ba. Matsi daban, kaɗaici daban. Irin waɗannan littattafai kullum gidan yana nesa da mutane, ko a daji, ko ƙanƙara ta toshe hanya. A gidan hayarmu famfo ɗaya ne, bayi ɗaya. In ba a ga ka fito alwalar asuba ba, kafin mai koko ta sauke tukunya tsohuwa ta buga maka ƙofa. Wa za ka ɓoye a nan? Tsoron Turawa ne, waɗanda za su shekara ba su san sunan maƙwabci ba.

Maman Biyu: Ni abin da ya dame ni shi ne jin daɗin da kuke yi. Littafin nan Room na Emma Donoghue da ya fito a 2010, ita da bakinta ta ce labarin Josef Fritzl ne ya tsokano shi, mutumin Ostiriya da asirinsa ya tonu a 2008 bayan ya kulle 'yarsa shekara 24 a ƙarƙashin gida. A nan Ghana ma 'yan matan Takoradi da aka sace a 2018, sai a 2019 aka gano ƙasusuwansu. Yaya za a yi in miƙe ƙafa da gyaɗa a hannu ina karanta irin wannan don nishaɗi?

Auta: Mama, kin karanta shi kuwa? Yaro ɗan shekara biyar ne ke ba da labarin, kuma kusan rabinsa bayan sun kuɓuta ne, yadda duniyar waje ta yi masa girma. Rediyo kwana uku yake maganar a wuce. Littafi kuwa zaunar da ke yake a ɗakin har ki san abin da uwar ta haɗiye.

Malam mai ɗinki (Alabar): Ɗan Asawase, bari in taɓa ka kaɗan. Gidan Fritzl ba a daji yake ba, cikin garin Amstetten yake, matarsa na sama, har 'yan haya sun zauna a gidan. In ka ce Turawa ne, to Rigasa fa? A Satumba 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Kaduna, wasu da mari a ƙafa, a tsakiyar unguwa cike da jama'a. Tsohuwar da ke buga maka ƙofa gaskiya ce, amma ita ce kuma za ta ji kuka ta bango dare bayan dare ta ce tsakanin miji da mata sai Allah. Yawanmu bai hana komai ba in kowa ya ja bakinsa.

Yayan Asawase: To Malam, wannan wani littafin ne daban, kuma ba a rubuta shi ba tukuna. Waɗanda Auta ke kwasowa a hannun masu sayar da tsofaffin littattafai a Adum ba su san gidan haya ba.

'Yar Kejetia: An rubuta mana, Yaya. Littattafan Kano na kishiyoyi fa? Mata biyu, tsakar gida ɗaya, kowacce na tsoron abincin 'yar'uwarta. Ni lokacin kullen korona ne na gane haka, da aka rufe Kumasi da Accra ranar 30 ga Maris 2020 har mako uku. Ba kasuwa, ba ziyara, ga uwar miji ga dangi a ɗaki da falo. Ƙofa a buɗe, amma ko tari na yi sai an fassara shi.

Auta: Anti, saura kaɗan ki zo wurina. Matsalar na kishiyoyin, da yawansu tun shafi na goma an nuna miki muguwa, an bi ta har gidan boka. A waɗanda nake nufi, mai ba da labarin ita kanta ba ki yarda da ita ba. Ana cutar ta ne, ko kanta ne ya fara juyewa? Wannan shakkar ce ke hana barci.

'Yar Kejetia: Matar da kowa a gida ke ce mata ke ce mai zargi, har ta fara tambayar kanta, ba a littafi na gan ta ba, Auta.

Maman Biyu: Duk kun kewaye tambayata. Na ji ana ƙaruwa da ilimi, na ji ana tausayi. Amma Auta ba tausayi ke hana shi barci har ƙarfe biyu ba, son ya ji ƙarshe ne. Ka amsa min wannan.

Auta: Haka ne Mama, daɗi nake ji, kuma ban ga laifinsa ba. Zan aiko miki da Room ɗin gobe ta hannun 'yan biyu, ki kai shafi na ɗari sannan mu ci gaba.