Hotunan dare suna min yashi-yashi, ga shunayya a gefen farin kaya, kyamarar ce ko ni ne?

Ɗan Tudun Jukun:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a, dan Allah shawarar manya nake nema. Canon 600D nake aiki da ita da gilashin da ta zo da shi, 18-55 ɗin nan. Da rana ba ni da matsala da ita wallahi, amma da an ce dina ne ko kamu da ya kai bayan magariba to shikenan hankalina ya tashi, hoton sai ya fito da yashi-yashi musamman fuskokin mutane da duk inda inuwa take, in ka yi zum ka ga ɗige-ɗige ja da kore. ISO ɗina a 400 nake barinsa saboda an ce min in ya wuce haka hoto lalacewa yake, in na koma gida sai in ƙara haske a Lightroom, manhajar gyaran hoto ta kwamfuta, amma yashin na nan, kai har ma gara kafin in taɓa shi.

Na biyu kuma hotunan da na ɗauka a Ƙofar Fada ranar hawan sallah, akwai wani siririn layi shunayya a gefen rawunan mahaya da bakin masu, daidai inda suka haɗu da sararin sama, kusurwoyin hoton guda huɗu sun ɗan yi duhu, ginin da ke gefe kuma ya ɗan lanƙwashe alhali a miƙe yake. Tsufa kyamarar ta yi ne in sayar in ƙara kuɗi, ko akwai abin da zan murɗa a ciki? Na gode.

Baban Studiyo, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka sayar da komai tukuna. 600D a 2011 ta fito, ba yarinya ba ce, amma megafiksel 18 gare ta kuma har gobe ana cin abinci da ita a garin nan. Wanda ya ce maka kada ka wuce ISO 400 shi ya jefa ka a wannan halin. Yashin nan ƙarancin haske ne yake kawo shi, ISO ƙara murya kawai yake, kamar rediyon da tasha ba ta kamu sosai ba, in ka ƙure murya za ka ji maganar da shuuu ɗin gaba ɗaya, amma ai ba maɓallin muryar ne ya haifi shuuu ɗin ba. To abin da kake yi yanzu, ka ɗauki hoto da duhu a 400 ka je kwamfuta ka ja haske sama, shi ne mafi muni a irin waɗannan tsofaffin Canon ɗin, domin in ka bar kyamara ta ƙara da kanta a 1600 tana yi ne kafin siginar ta gama ratsa sauran kayan lantarkin cikinta, ya fi fitowa tas nesa ba kusa ba. Gwada yau da daddare a ɗakinka, ɗaya a 400 mai duhu ka haskaka shi daga baya, ɗaya a 1600 da hasken da ya dace, ka jera su ka duba wajen inuwa.

Sai ka nemo wa sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, haske ta ko'ina. Gilashinka in ka zuƙo shi zuwa 55 ba ya buɗewa ya wuce f/5.6, wannan ƙofa ce ƙarama ƙwarai a hol ɗin biki. In ka samu 50mm f/1.8 ka sa shi a f/2.8, haske ninki huɗu ne yake shiga, ma'ana abin da da sai 6400 yanzu 1600 ya ishe shi. A f/2 kuwa ninki takwas. Shata kuma, wato saurin ɗaukar hoton, kada ka yi gaggawar kai ta 1/250 na daƙiƙa don mutanen da ke zaune a kujera, 1/100 ta isa, sai an fito fili ana rawa ana liƙi sannan ka ɗaga.

Ka shiga Custom Functions ka duba Highlight tone priority, in a kunne take kashe ta da daddare, tana ƙara yashi a inuwa, za ka ma gane tana kunne in ka ga ta hana ka ISO 100. Haka Auto Lighting Optimizer, ita ma ɗago inuwa take da ƙarfi. High ISO speed noise reduction ka bar shi a Standard, in ka kai shi Strong yashin zai ragu amma aikin da ke wuyan babbar rigar ango da zanen lallen amarya duk sai su shafe, fuska ta yi sumul ba kyan gani, kuma kwastoma ya fi saurin lura da wannan a kan yashi.

ɗalibi_kongo:

Baba ya gama magana. Ni dai tun da na sayi 50mm ban ƙara cire shi daga f/1.8 ba, baya ya narke, haske ya wadata, ba ruwana da filash. Ka saya kawai yaya, ka buɗe shi ƙarshe, matsalarka ta ƙare.

Anti Mai Hoto, Samaru:

Ɗalibi a'a fa, kada ka raba shi da matsala ɗaya ka haɗa shi da biyu. A f/1.8 ne ma shunayyar da yake kuka da ita take fi fitowa, je ka duba hotunanka inda farar shadda ko sarƙar amarya ta sha fitila, za ka ga shunayya a abin da ke gaban inda ka saita da kore-kore a abin da ke bayansa. Ga kusurwa tana ƙara duhu, ga shi in mutum uku suka tsaya ɗaya ya ɗan matso gaba to sauran sun tafi. Kuma 50mm a jikin 600D daidai yake da 80mm saboda sensarta ƙarama ce, ana ninkawa da 1.6, a ɗakin amarya na cikin gari inda gado da kabet suka cinye wuri ina za ka ja baya? Ni a irin wannan wurin 24mm f/2.8 nake ɗaurawa.

Ƙanena mai tambaya, shunayyar nan iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba. Gilashi ba ya iya tara launukan haske duka a wuri guda, ja ya sauka nan shuɗi ya sauka can. Irin ta farko ita ce wadda na faɗa yanzu, tana iya fitowa har a tsakiyar hoto, kuma in ka rage buɗin gilashi zuwa f/2.8 ko f/4 sai ta ja baya. Ta biyu a gefe-gefen hoto take zama, tsakiya lafiya lau, ita ko ka tsuke zuwa f/11 tana nan daram, kuma ina kyautata zaton ita ce ta kama ka a hawan sallah tunda da rana ne kuma da 18-55. Daɗin abin ita ce mai sauƙin gyara, a Lightroom ka gangara Lens Corrections ka danna Remove Chromatic Aberration, nan take za ka ga ta ɓace, abin da ya rage ka bi shi da Defringe. A wurin dai ka danna Enable Profile Corrections, shi zai miƙar maka da ginin da ya lanƙwashe ya kuma haskaka kusurwa. Lanƙwasar nan halin gilashin ne a 18mm, in ka zuƙo kaɗan zuwa wajen 24 ka ja da baya da ƙafarka za ka ga ta ragu sosai tun a kyamara.

600D tana da Peripheral illumination correction a menu, na duhun kusurwa, amma ba ta gyara shunayya da kanta, sai daga 650D ta 2012 aka sa wannan a jerin. Masu Nikon sun daɗe da hutawa a nan, tasu tana share ta gefen a JPEG ba tare da an tambaye ta ba. Amma ka lura, gyaran kusurwa haske ne ake ƙarawa na dole, da daddare a ISO mai yawa sai ya taso da yashi a kusurwoyin. Ni a hoton biki barin duhun nake ko in gyara rabi, yana ma jan ido zuwa kan amarya. A hoton gini ko sararin sama ne yake da muni.

Sannan waɗannan saitin na cikin kyamara, in ka cire Highlight tone priority, JPEG suke yi wa aiki. In RAW kake ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, Lightroom ba ruwansa da abin da ka zaɓa a menu, manhajar Canon ce kawai, DPP, take karanta su, kuma kyauta ce. Ni shawarata RAW da daddare, duk da kowane hoto ya haura MB 20 kuma kati zai cika da wuri.

Baban Studiyo, Sabon Gari:

Hajiya ta faɗi gaskiya a kan gilashi, sai dai ni RAW ɗin nan ba kowane aiki nake masa ba, bikin da za ka dawo da hotuna rututu ga uwar amarya tana kira tun da asuba ga NEPA ba tabbas, wa zai zauna? RAW+JPEG nake sawa, in JPEG ya yi kyau ya wuce, wanda ya gagara in koma wa RAW ɗinsa.

Kuma ɗalibi, raina filash da kake yi ƙuruciya ce. Abin da ke ɓata hoto shi ne ƙaramin nan na kan kyamara da ke dukan fuska kai tsaye, goshi ya yi ƙyalli baya ya yi baƙi ƙirin. Ka samu na ɗorawa ko Godox ko Yongnuo, ka juya kansa sama ya daki silin, in farin POP ne haske zai sauko a hankali ya game kowa, ka sa ISO 800, f/4, shata 1/60 zuwa 1/100 don fitilun ado na hol su ma su fito a baya. Kada dai ka wuce 1/200, nan ne iyakar 600D da filash. In silin ɗin mai launi ne ko ya yi nisa da yawa to kada ka wahalar da batir, launin zai zubo a fuskokin mutane, gara ka ɗaura farin kati a bayan kan filash ɗin. Wani abu kuma da ke rikita yara, wutarmu 50Hz ce, wasu fitilun LED masu araha da dogayen ƙwan nan suna kyaftawa, in shata ta yi sauri sai ka ga hoto ɗaya ya yi haske na gaba ya yi duhu ko launi ya canza, a 1/50 ko 1/100 abin yana lafawa. In an koma janareta kuma sai yadda hali ya yi.

mai_kallon_taurari:

Ni ba mai biki ba ne, duwatsu da sararin sama nake ɗauka, wajen dutsen Kufena na Zariya na fi zuwa. Abu biyu zan ƙara. Long exposure noise reduction, wani saitin rage yashi da ke cikin Custom Functions, ba na hoton biki ba ne sam, sai shata ta kai daƙiƙa 1 ko fiye yake aiki, kyamara ta sake ɗaukar wani hoton a rufe na tsawon lokaci ɗaya ta cire jajayen ɗigon da zafin sensa ya haifar, wato hoton daƙiƙa 30 sai ka jira minti 1. Da zafin Maris da Afrilu yana da amfani, haka in ka daɗe kana kallo ta allon baya sensa na ɗumama yashi ya ƙaru.

Na biyu, kada jin an ce a tsuke gilashi ya sa ka tafi f/22. A ƙaramar sensa daga f/11 zuwa sama kaifin hoto raguwa yake, 18-55 ya fi kyau wajen f/8. Amfanin f/22 ɗaya ne a wurina, in hunturu ya wuce in ɗauki farin bango da shi in ga ƙurar da ta zauna a sensa, za ta fito baƙi-baƙi a wuri ɗaya a kowane hoto. Da ɗan famfon roba ake hure ta, bakin kyamara yana kallon ƙasa, ba da iskar baki ba. Kuma in akwai filtar UV mai araha a gaban gilashinka cire ta da daddare, ita ke sa ka ga fitila ta haifi 'yar uwarta kore a ɗaya gefen hoton.

Ɗan Tudun Jukun:

Allah ya saka da alheri Baba, Anti na gode ƙwarai. Na yi gwajin a ɗaki, na 1600 ɗin ya fi tsabta wallahi, kuma shunayyar rawunan ta tafi da dannawa ɗaya. Anti saura tambaya ɗaya, Denoise ɗin nan na Lightroom mai share yashi da ake ta magana, kwamfutata tsohuwa ce, zai yi kuwa?

Anti Mai Hoto, Samaru:

Wanda suka kawo a 2023 kake nufi, yana aiki sosai a kan RAW amma yana son kwamfuta mai graphics card mai ƙarfi, a tsohuwa hoto ɗaya zai iya cin mintuna, ka ajiye shi don na bango da za a yi wa firem. Sauran ka yi da hannu a Detail, Color ka bar shi wajen 25 inda yake ko ka ɗan ƙara, shi ke kashe ja da koren, Luminance kuma, na sauran yashin, kaɗan-kaɗan kana kallon fatar fuska, da ka ga ta fara zama roba ka koma baya. Ka kuma daina yanke wa hoto hukunci a zum 100, hotonka faɗinsa fiksel 5184 ne, in aka rage shi zuwa girman waya ko aka wanke 5x7 na albam yawancin yashin ba mai ganinsa. In za ka tura wa mai wanki ta WhatsApp ka tura a matsayin Document, in ba haka ba zai matse shi ya ɓata maka aikin da ka sha wahala a kai.