Aminiyata sai ramewa take yi, tarin ya ƙi tafiya

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Aminiyata ta kusa wata biyu tana tari. Ta rame, da yamma zazzaɓi, da dare gumi ya jiƙa mata riga sharkaf. Maganin kemis babu irin wanda ba ta sha ba, a gidansu kuma an ce sammu ne. Yaranta biyu, ƙaramin shekararsa 3. Ya zan yi da ita?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Tarin da ya kai mako 2, ga rama ga gumin dare, tarin tibi ake fara zargi. Ki raka ta asibitin gwamnati, ku nemi sashen DOTS, wato sashen masu tarin tibi. Za a ba ta ɗan kwano ta kawo kaki, wanda ya fito daga ƙirji, ba yawu ba, don yawu kan sa gwajin ya fito babu komai alhali cutar na nan. Na'urar GeneXpert ke gwadawa, tana kuma nuna ko ƙwayar cutar na bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin magungunan tibi. A Najeriya gwajin da maganin kyauta ne. Za a duba mata HIV, ku roƙa a haɗa da suga. Kada ta tsorata, ƙa'ida ce.

Malam Mai Lab: Ta dakata da antibayotik ɗin kemis, musamman irin su ciprofloxacin. Suna lafar da tarin na ɗan lokaci, su ɓoye cutar, a makara.

Anti Nas: In an tabbatar, wata 6 ne cur. Wata 2 na farko magani huɗu ne haɗe cikin ƙwaya, wata 4 na baya biyu, kuma da nauyinta ake ƙayyade yawan ƙwayoyin. Da safe ake sha kafin kari. Fitsari zai koma ja-ja, ba jini ba ne. Amma in ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dishi-dishi, a koma asibiti ranar. Inda ake faɗuwa shi ne bayan wata biyu: jiki ya dawo, sai a ajiye magani, cutar ta dawo da taurin kai. Nan ne aikinki, Maman Ilham, ki riƙa kiranta kullum. In tana shan ƙwayar tazarar haihuwa ta faɗa musu, rifampicin na rage ƙarfinta.

Hajiya Babba: 'Yata, kada ki yi musu da iyayenta kan sammu. Ki ce a ci gaba da addu'a, a haɗa da gwaji. Kuma ba a ware mata kwano, ta iska ake ɗauka. A buɗe tagogi, ta riƙa rufe baki in za ta yi tari.

Malam Mai Lab: Ku tafi da yaran a duba su, musamman ɗan shekara 3 ɗin. Ko lafiyarsa ƙalau, akwai maganin kariya da ake ba 'yan ƙasa da shekara 5.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe da sassafe zan je in ɗauko ta, in sha Allah.