Waɗanda suka taɓa motsa mutum da hoto ɗaya-ɗaya a Damagaram, ku zo mu ji

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman waɗanda suka taɓa haɗa bidiyo da hotuna ɗaya bayan ɗaya, amma da mutum mai rai maimakon 'yar tsana, abin da masu sana'ar ke kira piksilasiyon. Ɗan wasa ya tsaya cak, a ɗauki hoto, ya gusa kaɗan, a sake ɗauka. In aka jera hotunan suka gudu, sai ka ga mutum yana sulalewa a ƙasa ƙafarsa ba ta ɗagu ba. Mu a fadarmu muna son yin na minti ɗaya: yaro zaune bisa tabarma, tabarmar tana tafiya da shi cikin lungu. In aka sa hoto 12 a kowace daƙiƙa, hoto 720 ke nan. Me ya fi ba ku wuya?

Mai-foto na Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. Rana, ita ce babbar magana. Abin da za a kalla a minti ɗaya zai cinye maka awowi, rana kuwa tana gusawa kusan digiri 15 a kowace awa. Mun taɓa ɗauka a gindin wata katanga da hantsi. A wurin ido bai ga komai ba, amma da muka haɗa sai ga inuwar katangar tana rarrafe tana ja da baya, ta ɗauke hankalin mai kallo daga kan yaron gaba ɗaya.

Tun daga nan lokacin hazo nake jira. In hunturu ya rufe sama, haske yakan bazu, inuwa ba ta da kaifi. In ba za ku iya jira ba, ku shiga zaure ko ƙarƙashin rumfa. Sannan ku kulle haske da saitin ganin kamarar kafin hoton farko, domin in aka bar portabul, wato wayar hannu, ta zaɓa da kanta, wannan hoto zai yi fari wancan ya yi duhu, bidiyon ya dinga ƙyaftawa. Kada a taɓa allon da yatsa. Ku sa abin saurare na kunne mai igiya, maɓallin ƙara sautinsa yakan ɗauki hoto a yawancin portabul. Wanda ba shi da ƙafar kamara ya cika gwangwani da rairayi ya kafa ta a ciki. A watan Afrilu kuma ku lura, portabul takan yi zafi ta kashe kanta.

'Yar Jami'a:
Yaya, ka faɗi na mai ɗauka, bari in faɗi na wadda ake ɗauka. Ni aka sa a wani da muka yi da ƙawayena a tsakar gida, ina zaune kamar mai tuƙa mota alhali babu kujera a ƙarƙashina. Cinyoyina sun yi ta rawa. Abin da ya cece mu shi ne ƙirga: mai ɗauka ta ce ɗaya in shirya, biyu in riƙe numfashi, uku ta danna, sai in miƙe in huta. Kafin in miƙe ana zana wurin ƙafata da gawayi. Hijabi ma sai an kula da shi, iska kaɗan ta kaɗa shi sai ya dinga tsalle a bidiyon. Mun kama shi da fil ta ciki. Ku tausaya wa yaron da za ku sa, ku ajiye masa ruwa kusa.

Tsohon Malami:
'Ya'yana, kun faranta mini rai. Ku nemi gajeren fim ɗin da Norman McLaren ya yi a Kanada a 1952, na maƙwabta biyu da suka hallaka juna saboda fure ɗaya da ya tsiro a kan iyakar gidajensu. Wajen minti takwas ne, ya kuma ci lambar yabon fina-finai ta Oscar a 1953. Mutanen suna shawagi a saman ciyawa, kuma da wannan dabarar taku aka yi hakan. Ɗan ƙasarmu Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tawa ya rasu a 2015, ya je Kanada ya ƙaru da McLaren ɗin. Shi zane da 'yan tsana ya fi yi, har da kwaɗi masu kokowa, amma haƙurin aikin iri ɗaya ne.

Ɗan Kokowa:
Baba, wannan shawagin shi na yi. Kowane hoto tsalle guda ne, mai ɗauka ya danna daidai lokacin da kake can sama. Daƙiƙa biyar ta shawagi tsalle 60 ce, ban da waɗanda suka lalace. Tsayin tsallen ya zama ɗaya, gwiwa a naɗe iri ɗaya, in ba haka ba za a gan ka kana hawa kana sauka. A kan rairayi na yi saboda gwiwa, amma sai da muka ajiye yaro da tsintsiya yana share sawu bayan kowace dira.

Mai-foto na Zango:
Nan kam ban bi ka ba abokina. Rairayin da aka share ma yana canja kama daga hoto zuwa hoto. Ƙasa mai tauri ta fi, a rage yawan tsallen.

Ɗan Kokowa:
Kai ba ka dira a kanta ba, shi ya sa.

Uwar Biyu:
Ni ɗana ne aka ɗauka. Ranar da ya nuna mini kansa yana shiga bango yana ɓacewa, wallahi gabana ya faɗi, kakarsa kuwa ta fara salati. Sai da ya zauna ya nuna mana hotunan ɗaya-ɗaya, muka ga yadda yake raɓawa ta bayan katanga, sannan hankalinta ya kwanta. Ku sanar da iyayen yaro kafin ku fara, ku kuma gai da mai unguwa tunda a lungu za ku yi. Shi ne zai sa a tsare muku hanya, don ɗan kabu-kabu ɗaya in ya faɗo cikin hoto, zai bayyana ya ɓace kamar walƙiya.

Ɗan Birni:
Mun gode Hajiya, za mu je wurinsa. To sauti fa, tunda hoto ba ya ɗaukar murya?

'Yar Jami'a:
Daga baya ake sa shi, wajen montaj, wato lokacin haɗa hotunan su zama bidiyo. Mu da dare muka naɗa namu a ɗaki, bayan unguwa ta yi shiru. Ƙarar sulalewa da tsintsiya muka yi ta a kan siminti, ƙarar inji kuma ƙanwata ta yi da baki. Ku fara gwada hoto 24 kawai, daƙiƙa biyu, ku ga ko tazarar da kuke gusa tabarmar ta yi daidai. A namu faɗin yatsa huɗu ya ba da tafiya mai laushi, taƙi guda kuma ya zama gudu.