"Ya warkar da ni": kalmar da ta hana zaurenmu barci

Mai shagon atamfa: Salamu alaikum ƴan uwa. Yau raina a ɓace yake. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023, kayana suka maƙale a Jibiya, bashi ya hau kaina, barci ya ƙaurace mini. In na kwanta sai in ji kamar an aza mini buhun gero a ƙirji. Littattafan Imam Gazali ne suka warkar da ni, musamman Ihya, inda yake magana kan fushi da hassada da son duniya. Yau wani dattijo ya gan shi a kan teburina a Babbar Kasuwa, ya ce in kai shi bola, a gaban masu ciniki! Ni na tsaya a kan cewa abin da masu ilimin halayyar ɗan Adam ke faɗa yau, bawan Allahn nan ya faɗe shi sama da shekara 900 da suka wuce.

Ustaz: Alhaji, ka gyara harshenka. Wa ya warkar da kai? Littafi? Annabi Ibrahim cewa ya yi, idan na yi ciwo Shi ne ke warkar da ni.

Mushe (malamin boko): Haba Ustaz! Kai ba ka taɓa cewa maganin masassara ya warkar da ɗanka ba? Sababi yake nufi.

Ustaz: Ƙwaya daban, littafin da ke cike da hadisai masu rauni daban. Hafiz Iraƙi, malamin hadisi, ya bi hadisansa ɗaya bayan ɗaya, wasu ya ce bai samo musu asali ba. A Kurɗuba ta Andalus ma ƙone shi aka yi zamanin daular Murabiɗun.

Malamin zaure: To ai wahalar da Iraƙi ya sha alama ce ta darajar littafin. Wa ke tankaɗe ƙasa in ba ya tsammanin zinariya? Ibnul Jauzi ma taƙaita shi ya yi, bai jefar ba. Ku dai duk abin da ya yi ƙamshin ɗariƙa sai ku taso.

Ustaz: "Ku" su wa, Malam? Faɗi sunan.

Mushe: Kalmar warkewa muke kai, kar ku mayar da mu rigimar masallacin unguwa ta bara.

Malamin zaure: Wa ya kwashe tabarmin a rigimar? Ka tambaye shi.

Ma'aikaciyar jinya: Yaya Alhaji, ni ba na cikin wannan. Yanzu kana samun barci? Kana cin abinci? Rashin barci na watanni da nauyin ƙirji abu ne da ake dubawa a asibiti, a auna jini, a saurare ka. Karatu da addu'a ba su hana.

Malamin zaure: Ƴata, shi kansa Gazali likitoci sun duba shi. A 1095 yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi, abinci ya daina zama masa. Likitocin suka ce abin daga zuciya ya sauko. Ya bar kujerar ya nufi Dimashƙa. Wanda ya ɗanɗana ciwon ne ya rubuta.

Ustaz: Ka gani? Shi ma bai ce littafi ya warkar da shi ba.

Mushe: "Warke" da "samu sauƙi" ɗaya ne a Hausar Katsinawa, je ka tambayi tsohuwarka.

Ustaz: Kar ka sako mahaifiyata a ciki.

Mai kula da zaure: Ya isa haka, ƙarfe ɗaya ta gota. Ga abin da na fahimta: Alhaji bai yi laifi ba, kowa ya san Allah ke warkarwa, kuma Ustaz ya tsananta. Ihya littattafai 40 ne a kashi huɗu, ibadu, al'adu, masu halakarwa da masu tsirarwa, ni a gaban mahaifina na ji ana karanta shi a unguwar Bagalam ta Maradi, ba zan yarda a kira shi shara ba. Maganar hadisai an ba da amsa, Malam ya gamsar. Mushe ya ba Ustaz haƙuri kan zancen tsohuwa. Na rufe zauren sai bayan Asuba.

Ma'aikaciyar jinya: Kafin ka rufe, Baba: Yaya Alhaji bai amsa mini ba. Ina aiki gobe da safe, ya zo ya same ni.